Gayyar Kofur Badaru

Badaru ɗan Jinjiri rago ne, kuma ya mai da ragwancinsa abin tinƙaho. Damina uku ya bar gonar ubansa a Darini ba shuka ba noma, har sabara da kalgo suka kai ƙugun mutum, shi kuwa yana gindin tsamiya yana goge takalmin soja, yana jiran Turawa su ba shi aikin masinja. Masu kare shi sukan ce wahalar yaƙin Bama ce ta taɓa shi. Ƙarya ne. Su biyar suka tafi daga yankin, huɗu suka dawo, uku sun koma bakin fartanya tun daminar farko.

Ranar da abin ya ƙare masa, tun assalatu matarsa Asama'u take tsaye a kan turmi. Ta dafa fura, ta ɗora tukunyar tuwo, ga naman akuyarta yana tafasa a gefe. Akuyar ita kaɗai ta rage mata cikin dabbobin da ta zo da su daga gidansu a Tsaskiya. Jiya da yamma aka yanka ta, saboda Badaru ya kira gayya.

Ba don son aiki ya kira ta ba. Kwana shida da suka wuce mai gari ya sa aka zo da shi ƙofar gida, ya gaya masa a gaban mutane cewa in ruwan farko ya sauka ya tarar ba a sassabe gonar nan ba, zai ba wanda zai noma ta. Haka al'adar wurin take tun kakanni. Gona ta gado ce muddin ana sunkuyawa a cikinta. In ta yi damina uku a yashe, ta koma hannun mai gari. Wanda za a ba kuwa kowa ya san shi, Armaya'u masaƙi ne, wanda ya shekara biyu yana roƙon wurin shuka.

Badaru ya fito daga ɗaki cikin kakin da ya koɗe, usur rataye a wuya, takardar sallamarsa ta soja a aljihun ƙirji.

"Ma'u, ki cika akussan da nama sosai. Mutum arba'in nake sa rai."

"Arba'in, maigida?"

"Kofur."

"Arba'in, Kofur? Gayyar wa ka je a shekara ukun nan da za su zo taka?"

"Ni da na yi wa Sarkin Ingila aiki a bayan teku? Duk wanda ke garin nan, don mu yake kwana lafiya."

"To, Allah ya sa Sarkin Ingila ya zo da gatarinsa."

Ya harare ta, ya ɗauki 'yar sandarsa ya fita. Ta bi bayansa da kallo. Usur ya ɗauka, da sanda, da takarda. Gatarin Jinjiri kuwa yana nan jingine a bayan rumbu, ya yi tsatsa. Rumbun kansa jinkarsa ta rufta tun bara, kaji ke ƙwai a ciki. A zamanin tsohon, gonar nan dami ɗari take bayarwa, har a kai wa maƙwabta. Yanzu duk ƙwayar da ta shiga bakinsu, Asama'u ce ta samo ta da dakau a gidajen mutane. Abin da ya dawo da shi daga soja, garmaho mai faifan waƙa ya saya da shi, aka yi wata biyu ana taruwa ana saurare, sannan wani ƙarfe ya tsinke a ciki, ya zama mazaunin kyankyasai.

Da hantsi ya ɗaga ta ɗora ƙwaryar fura a ka, ta saɓa gatarin a kafaɗa, ta nufi gona.

Tun daga nesa ta ji gangar noma, ranta ya ɗan yi sanyi. Da ta matso ta ƙirga. Mutum tara. Ba saurayi ko ɗaya a cikinsu, don samarin sun ce wanda bai taɓa zuwa tasu ba, ba su da rana ɗaya da za su ba shi. Duk tsofaffi ne, abokan marigayi Jinjiri, a gabansu Baba Sada mai furfura har a gira. Sai Salmanu makaɗi, wanda ba a yanka akuya a Darini ba tare da shi ba. Can gefen gabas kuma wani dogo ramamme yana ta sara kamar an aiko shi. Ta tsaya ta sake dubawa. Armaya'u ne.

Rashin aiki ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya haɗa su a tukunya ɗaya ya zalunci mutanen kirki. Duk rani rabin mazan ƙasar nan ba su da abin yi, saboda sama ta rufe. Sukan ɗaura ƙunshi su tafi cin rani, su dawo da ƙamshin ruwa. Wannan ba laifin kowa ba ne. Na Armaya'u ya fi ciwo. Ubansa masaƙi, kakansa masaƙi, 'yar gonar audugarsu an raba ta tsakanin 'yan'uwa har ba ta kai shimfiɗar tabarma goma ba, kuma ba su damu ba, don saƙa tana ci da su. Sai yadin akoko na Turawa ya cika kantunan Batsari, fari ƙal, ga araha. Cikin shekara kaɗan ba mai tambayar saƙi sai tsohuwar da ke tanadin likkafani. Masaƙar ta tsaya. Da ta tsaya, marinan Tsaskiya suka rasa abin tsomawa, matan da ke kaɗi suka rasa mai sayen zare, cikinsu har da Asama'u, don shi ne ke sayen nata. Armaya'u bai zauna gindin tsamiya ba. Ya yi dako, ya yi ƙwadago, ya haƙa rijiya, da bakuna bakwai a gidansa. Shi aiki ne ya guje shi. Badaru kuwa sau uku aiki yana zuwa har ƙofarsa. An kira shi leburan hanyar mota, ya ce shi ba ya ɗaukar kwandon tsakuwa. An kira shi dakon buhuna a ma'aunar gyaɗa, ya ce wuyansa na ciwo. An ce ya zo gadin rumfunan kasuwa, ya ce wannan aikin tsofaffi ne. Alhali abokan tafiyarsa sun faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa a Bama ma kaya yake ɗauka a ka, bindiga sai dai ya ga ana wucewa da ita, kofur ɗin kuma a jirgin dawowa ya naɗa wa kansa.

Asama'u ta sauke ƙwarya a inuwar wata ƙirya, ta durƙusa.

"Baba, sannunku da aiki. Mun kwana lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Ya ƙarfin jiki? Ya su Inna?"

"Da godiya. Sannu da hidima, Allah shi yi maki albarka."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaisarwa, har ta zo kan Armaya'u. Ya amsa bai ɗago ba.

Badaru yana tsaye a kan wani suri, ya sa hannu ɗaya a ƙugu. Ya busa usur.

"Layi! Na ce a yi layi! Baba Sada, ka fita daga layi! A soja da tuni an hore ka."

Baba Sada ya miƙe a hankali, ya dafa bayansa. "Yaro, ranar sunanka ni na riƙe ƙafar ragon. Sauko daga gidan gara ka yi mani magana."

Tsofaffin suka yi dariya. Salmanu ya ƙara wa gangar wuta, yana bin kowa da sunansa da na ubansa, yana zuga shi. In ya kira mutum, sai ka ga tsoho ya manta da shekarunsa ya kai wa kalgo sara. Ya zagaya su taran har sau biyu.

"Kai, Salmanu," in ji Badaru, "ni da na kira gayyar, ban ji sunana ba."

"Kofur, ina ta nema a cikin gangar tun safe. Ta ce ba ta san mutum a tsaye ba, sai ya sunkuya take gane shi."

Asama'u ta tashi ta ɗauko gatarin, ta je gindin surin ta miƙa masa da hannu biyu. Ta yi ƙasa da murya.

"Maigida, don girman Allah. Mutanen nan sun haife ka."

"Ajiye shi can. Wa zai lura da aikin in na shiga ciki?"

Armaya'u ya tako, yana share gumi da gefen riga. Tafin hannunsa duk ya yi kanta, ba kamar da ba, lokacin da zare kaɗai yake taɓawa.

"Ƙanena, mai gona ke buɗe gayya. Mun fara ba kai, mun yi shiru don Baba Jinjiri. Ko sara uku ka yi, mutane su ga hannunka a ciki. In ka shigo, kafin la'asar mun ci rabinta, mai gari kuma in ya ga rabi zai ɗaga maka ƙafa."

"Kai masaƙi, me ya kawo ka ma? Ka zo auna ta ne?"

"Na zo sara. Karɓi gatarin."

Duk suka tsaya suna kallon Badaru, ganga ma ta yi shiru. Kunya ta ɗan kama shi. Ya sauko daga surin, ya karɓa, ya juya ƙotar a hannu kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ya nufi wata 'yar sabara da yaro ma zai tuge. Asama'u ta ji hawaye na neman zubo mata. Ta ce a ranta, in ya sara ɗaya, zai sara biyu.

A daidai nan wani mai jakai ya biyo hanyar da ta ratsa gefen gonar, daga wajen Batsari. Ya yi sallama, ya yi musu sannu da aiki, ya roƙi ruwa. Yana sha yana ba da labari, yadda matafiya suka saba. Gishiri ya yi tsada. An kama ɓarawon shanu. Baturen rangadi kuma ya sauka a bariki tun jiya, gobe da sassafe zai wuce Safana.

Gatarin ya faɗi ƙasa. Badaru ya dafa aljihun ƙirjinsa.

"Bature? Da kansa?"

"Da kansa, har da karensa."

"Ma'u, kakkaɓe mani bayan rigar nan."

Ba ta motsa ba. Armaya'u ya ɗaga hannu ya nuna gabas. Can ƙasan sama wani baƙi ya fara tasowa, iska kuma ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi.

"Dubi can, ƙanena. Bature zai kwana. Wancan ba zai kwana ba."

"Ku ba ku san yadda ake al'amarin gwamnati ba. Shekara uku ina kai takardar nan wurin malaman ofis suna ce mani in dawo. Yau hannu da hannu zan ba shi. Yana ganin hatimin zai san ko ni wane ne." Ya juya ga tsofaffin. "Ku ci gaba, kada a tsaya. In na hau keken masinja, duk wanda ya yi aiki yau ba zan manta da shi ba."

Ya bi hanya da sauri, takalman suna ƙara, bai waiwayo ba.

Suka bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan Baba Sada ya tsinki ganyen kalgo ya goge bakin gatarinsa, ya saɓa.

"Shekara sittin ina zuwa gayya," ya ce. "Na ga mai gona ya suma a tsakiyar kunyoyin gonarsa. Na ga wanda aka gaya wa rasuwar uwarsa, ya roƙi gafararmu kafin ya tafi. Ban taɓa ganin wanda ya bar mutane a gonarsa ya tafi kallon Bature ba."

Asama'u ta zube a gabansa. "Baba, ku dube ni. Tuwo na kan wuta. Akuyata na yanka."

"Mun sani, ɗiyata. Shi ya sa muka zo, don ke da mai kabari. Amma ba mu yi aikin da za mu ci naman ba. Ki raba wa maƙwabta, ki samu lada."

Suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Salmanu ne na ƙarshe. Ya rataya gangar, ya tsaya yana haɗiyar yawu.

"Uwar gida, har da hanta a ciki?"

"Har da hanta."

"Kai! Allah ya isa tsakanina da Kofur." Ya bi sahun tsofaffin yana girgiza kai.

Gonar ta yi tsit, sai sautin gatari guda. Armaya'u ya koma inda ya tsaya yana sara. Asama'u ta daɗe tana kallonsa, haushi na cinta, ba ta ma san wa take jin haushi ba.

"Yaya," ta ce, "gaya mani gaskiya. Wa kake sara wa, shi ko kanka?"

Ya dakata. "Shekarar fara, ubana na kwance, Baba Jinjiri ya zo ya yi mana yini guda a gonar auduga, ko ruwa bai sha ba. Yinin nan nake mayarwa. In rana ta faɗi ruwa bai sauko ba, gobe ƙanena ya nemi wasu, ni na fita. In ya sauko, ba ni na kira shi ba." Ya tofa yawu a tafin hannu. "Amma ba zan ɓoye maki ba, Ma'u. Jiya ruwan kanwa da ganye aka sha a gidana. Ina sara ina kallon ƙasar nan, yawuna na tsinkewa."

Ta ɗaure zanenta tamau, ta ɗauki gatarin Jinjiri inda ɗansa ya yar, ta nufi kusurwar yamma, nesa da shi. Saran farko ya zame, na biyu ya kama. Ta saba da taɓarya, kafaɗunta ba su da tsoron nauyi. Ta sara, ta ja, ta tara. Ƙaya ta yage mata hannu. Ƙarƙashin ciyawar ƙasa ce baƙa mai laushi, ta huta shekara uku tana jiran iri. Ta tuna yawan turamen da ta daka a gidajen mutane, ana auna mata tsaba da dusa, ga wannan a kwance. Tuwon da ta bari a wuta ma ta manta da shi.

Bayan azahar iska ta taso. Kafin la'asar gari ya yi duhu, aka yi tsawa guda, ruwa ya kece. Suka tsaya ƙarƙashin ƙiryar, shi a wancan gefe, ita a wannan. Abin da aka sassabe duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ruwan bai daɗe ba, amma ya jiƙa ƙasa sosai, irin wanda ake fita shuka washegari. Yana ɗaukewa sai ga mai gari a kan goɗiyarsa, Baba Sada na biye da shi a ƙasa. Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya zagaya gonar a hankali, ya dubi inda aka sare da inda ba a taɓa ba, ya dubi hannun Asama'u da ke jini.

Suna nan sai ga Badaru. Ya jiƙe sharkaf, ya rataya takalman a wuya don kada laka ta ɓata su, yana tafe ba takalmi. Ya ƙame a gaban goɗiyar ya sara wa mai gari irin ta soja.

"Sauke hannun, ba bariki kake ba. Ka ga Baturen?"

"Ranka ya daɗe, yana hutawa ne. Amma tafintansa ya karɓi takardar ya duba sosai. Ya ce in dawo bayan damina."

"Bara me aka ce maka?"

Badaru ya shiga gyara takalman da ke wuyansa.

"Ni zan tuna maka, don a gabana aka faɗa. An ce masinja sai wanda ya iya karanta sunan da ke bayan wasiƙa, kuma an riga an ɗauki wani. Ka iya karatun?"

"Ranka ya daɗe, an yi mana alkawari a Bama..."

"An yi. Sun yi maku alkawari sun saɓa, Allah na ganinsu. Sauran ukun da kuka dawo tare, su ba a yi masu ba? Rumbunansu a cike suke. Kai ka zauna, ka zaunar da gonar da ke ci da gida biyu, ga mai 'ya'ya na neman inda zai jefa iri." Ya juya. "Sada, wa ruwa ya tarar a gonar nan?"

"Masaƙi da matar ɗan Jinjiri, ranka ya daɗe."

"Mai gonar fa?"

"Yana ƙofar bariki, kare na yi mashi haushi."

Badaru ya zaro takardar daga aljihu don ya nuna hatimin. Ta jiƙe ta manne, tawadar ta bi ruwa. Ya yi ta ƙoƙarin buɗe ta da farce, tana yagewa.

Mai gari bai ko dube ta ba. Ya nuna kusurwar yamma da bulalarsa. "Daga ƙiryar nan zuwa inda matar nan ta tsaya da sara, gayaunarta ce. Tata, ba ta mijinta ba. Abin da ta noma ita ke da shi. Saura, Armaya'u, gobe ka fito da iri. Sada, ka kafa masu duwatsun iyaka."

Armaya'u ya durƙusa yana godiya. Badaru ya juya wajen matarsa.

"Ma'u, kina ji ana raba gonar ubana, ba za ki ce komai ba?"

Ta ɗauki ƙwaryar fura, wadda ruwan sama ya cika, ta zubar. Ta ɗora ta a ka, ta saɓa gatarin.

"Akwai naman mutum arba'in a gida, Kofur," ta ce. "Sai ka zo ka ci."

Gonar Jinjiri ta koma hannun Armaya'u masaƙi, tana hannun 'ya'yansa har yau. Da yunwar tsakiyar damina ta matsa, Badaru ya sayar da takalman a kasuwar Batsari ya shiga ƙwadago. A gonar ubansa ya fara, ana auna masa gero mudu guda a yini.